Takalmi Marar Igiya

Tara ga Maris, Talata, takwas da rabi na safe.
Na san ranar. Na ma rubuta ta
a bayan takardar kuɗin wuta,
na liƙa a ƙofar firiji.
Laifin? Fitilar baya ce ta mutu,
inshorar mota ta ƙare da kwana goma sha ɗaya.
Iyakar zunubin Odessa ke nan.

Amma daren Litinin ƙirjin Tavion ya toshe,
numfashinsa ya koma usur ɗin da ruwa ya shiga.
Na naɗe shi a bargo, na keta ƙanƙarar Toledo,
fitila ɗaya a baya, addu'a ɗaya a baki.
Sa'ad da magatakarda ke kiran sunana a zauren kotu
ina riƙe da robar iska a hancin ɗan shekara shida,
ina ƙirga masa: shaƙa, saki, shaƙa.
Wa ke ta alƙali?

Alƙali dai yana ta tawa.
Ya dubi gurbin da ban cike ba,
ya sa hannu.
Sammacin kamu.

Mako bakwai muka yi da shi a gida ɗaya.
Ba ya ci, amma tare muke zama kan tebur.
Ina ninke zannuwan gado a ɗakin wankin asibiti,
ƙofa ta yi ƙara, cikina ya ɗuri ruwa.
Na daina bin titin Monroe.
Jiniya ta wuce, ko ta 'yan kwana-kwana ce,
sai tafin hannuna ya jiƙe a kan sitiyari.
Na koma tuƙi da madubi,
abin da ke bayana ya fi na gabana yawa.

Tsoho Kowalczyk na ƙasan bene,
wanda ya shekara talatin yana jan bas,
ya tare ni wajen kwandon shara.
Ya ce, "Takarda ba ta tsufa, yarinya, ba ta gyangyaɗi.
Ki je musu da ƙafarki
kafin su zo miki a gaban ɗanki."
Na ce ina tsoro.
Ya ce, "To, ki tafi da shi, akwai kujera."

Lauyar marasa hali, Misis Ochoa,
muryarta kamar ta kwana a tsaye:
"Kawo takardar asibiti. Zo da wuri.
Ban yi miki alkawari ba."

Daren jajiberi na rubuta wa Rochelle komai:
feshi biyu da safe, biyu da dare,
ba ya cin gefen burodi,
in ya tambaye ni, ki ce aiki ya riƙe ni.
Na cire 'yan kunne.
Na ci na ƙoshi, ba don yunwa ba.
Na zaɓi takalmi marar igiya,
don na ji in za su rufe mutum
igiyar suke fara karɓa.

Zauren ya fi yadda na zana shi ƙanƙanta.
Alƙaliyar na da mura, da hankici a hannu.
Ta ce, "Ina kika shiga ran tara ga wata?"
Bakina ya bushe. Na miƙa takardar.
Ta karanta. Ta sake karantawa.
Ta ce, "Ya jikin yaron?"
Wallahi na yi shirin ankwa,
ban yi shirin wannan ba.

An soke sammaci. Tarar dala tamanin da biyar,
sabuwar rana: sha huɗu ga Mayu.
Minti huɗu duka-duka.
Mako bakwai na ba wa minti huɗu.

A bakin matakala na ari biro wurin mai gadi,
na rubuta sha huɗu a tafin hannuna,
na danna har ya yi zafi.
Kowalczyk ya gyara fitilar tun jiya.
Duk da haka a mahaɗar Monroe
na kama idona yana leƙen madubi.
Motar burodi ce kawai.